Tambaya da Amsa: Wanda ba shi da inshorar lafiya, ina zai dosa?

Tambayoyin wannan mako duk daga Jos suka zo, kuma zancensu ɗaya ne: ciwo ya zo, aljihu babu nauyi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, ina da mata da 'ya'ya biyar. Kullum ina jin ana maganar inshorar lafiya, amma na ɗauka ta ma'aikatan gwamnati ce kawai. Mu 'yan kasuwa muna da rabo a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuna da rabo. Abin da ya sa mutane da yawa ke ɗaukar ta ma'aikata ce, da su aka fara. An kafa dokar tsarin a 1999, ya soma aiki a 2005, kuma shekaru da dama kusan ma'aikatan tarayya ne kaɗai ke cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Jihar Filato kuma tana da tata hukumar, PLASCHEMA, da aka kafa a 2019, kuma tana da tsari na musamman ga masu sana'ar kansu.

Abin taimakekeniya ne. Kowa yana zuba kaɗan sau ɗaya a shekara, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun. Za ka je ofishin PLASCHEMA da lambar NIN ta kowane mutum da kake son sakawa, a ɗauki hoto da bayanai, ka biya kuɗin shekara, sannan ka zaɓi asibitin da zai zama naka. A nan ne da yawa ke kuskure. Mutum na zaune a Unguwar Rogo, sai ya zaɓi asibiti mai nisa saboda suna, ranar da zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare kuma ya ƙare a kemis ɗin bakin layi yana biya daga aljihu. Zaɓi wanda ƙafarka za ta kai, wanda ka tabbatar yana da likita da ɗakin gwaji.

Abu na biyu, kada ka jira sai ciwo ya zo. Bayan rajista akwai lokacin jira kafin sunanka ya isa asibitin, don haka wanda ya yi rajista ranar da aka ce za a yi masa tiyata ya makara. Ka sa a rubuta maka ranar da katin zai fara aiki da ranar da zai ƙare, ka sabunta kafin ya mutu. Sannan ka lura da lissafin iyali: a tsarin ma'aikata na tarayya, rajista ɗaya tana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ƙari a kan haka sai an biya daban. Tunda 'ya'yanka biyar ne, ka tabbatar an ƙirga kowa da sunansa kafin ka bar wurin.

Shawararmu, ku yi maganar a ƙungiyarku ta kasuwa. Mutanen da ke zuba adashi duk mako ba za su kasa ware kuɗin shekara ba, kuma koken ƙungiya ya fi na mutum ɗaya saurin shiga kunne.

Tambaya: Ƙanena ya yi hatsarin babur da dare, jini na zuba, muka kai shi wani asibiti aka ce ba za a taɓa shi ba sai mun ajiye kuɗi kuma mun kawo takardar 'yan sanda. Haka doka ta ce?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Ba haka doka ta ce ba, 'yar uwa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, asibitin gwamnati ne ko na kuɗi. Hukuncin wanda ya saɓa shi ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Batun takardar 'yan sanda kuwa, ko wanda aka harba da bindiga doka ta 2017 ta ce a fara yi masa magani, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. To ina ga wanda ya faɗi a kan babur?

Amma a fahimci iyakar dokar. Ba ta ce magani kyauta ne har a warke ba. Ta ce a ceci rai tukuna: a tsayar da jini, a sa ruwa, a gyara numfashi, a tura shi gaba idan abin ya fi ƙarfin wurin. Maganar kuɗi ta biyo baya. Abin da ke sa asibitoci ƙin bin wannan shi ne tsoron kada a warke a tafi a bar su da bashi. An tanadi kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na matakin farko da dokar 2014 ɗin ta kafa domin irin wannan gaggawa, sai dai kuɗin bai kai yawan buƙatar ba. Wannan uzuri ne da za a kai wa gwamnati, bai kamata ya faɗa kan mai zubar jini a bakin ƙofa ba.

Idan haka ta sake faruwa, kada a tsaya jayayya da mai karɓar kuɗi, domin ba shi da ikon yanke hukunci. A nemi likitan da ke bakin aiki ko babbar nas. A danne raunin da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan sun dage, a wuce sashen gaggawa na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Filato. Mutum ɗaya ya rubuta lokaci da abin da aka faɗa, don a kai koke bayan hankali ya kwanta.

Tambaya: Ni gwauruwa ce a Gangare, ina da hawan jini, 'yata kuma tana da ciki wata biyar ba ta fara awo ba. Ko kuɗin shekarar da ake faɗa ba ni da shi. Akwai wata hanya?

Amsa: Akwai, Mama, kuma don irinku aka yi ta. Dokar 2014 ɗin nan ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Kusan rabinsa ana biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora da shi ta hannun hukumomin jihohi, kashi 45 kuma yana tafiya ƙananan asibitoci don magunguna da gyara da ma'aikata. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Waɗanda ake sa wa gaba su ne masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke cikin tsarin ba. Manufar ita ce aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa. Ki tambayi mai unguwa ko kwamitin ci gaban mazaɓa wanne ne naku, ki je wurin shugaban asibitin da lambar NIN ɗinki da ta 'yarki, ki ce kina so a saka ku cikin masu rauni. Gurabe ba su da yawa, ana iya ce miki sai an buɗe sabuwar rajista. Ki bar suna da lambar waya, ki riƙa komawa. Rashin NIN ne ke kayar da mata da yawa, don haka a fara da ita.

Amma awon 'yarki ba zai jira rajista ba. Ta je wannan makon. Wata biyar ba tare da an auna jininta da hawan jininta da fitsarinta ba ganganci ne, balle ke mahaifiyarta kina da hawan jini. Idan ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ta ga jini, asibiti za a nufa a take, ko da ƙarfe biyun dare ne. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka amince da su, don haka tun a wurin awo ta tambayi inda za a tura ta idan haihuwa ta zo da gardama.

Ke kuma kada ki daina shan magani don kin ji sauƙi, ko ki riƙa sha sai ranar da kai ya sara. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. Ki roƙi likita ya rubuta miki ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba, domin ƙwaya iri ɗaya farashinta kan bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani. Rigakafin yara, gwaji da maganin tarin fuka, da maganin cuta mai karya garkuwar jiki duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, da kati ko babu. A manyan asibitoci kuma akwai sashen jin daɗin jama'a da ke duba halin wanda ya kasa biya. Da yawa ba su san da shi ba sai an riƙe su a gado.

Tambaya: Ina da kati, amma duk zuwa sai a ce babu magani, in saya a waje.

Amsa: Malam, ana biyan asibitinka wani abu duk wata a kan sunanka, ka je ko ba ka je ba, don haka maganin da ke cikin jerin da aka amince da shi hakkinka ne. A tsarin ma'aikata na tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai za ka biya. Wani lokaci kuɗin ne ke makara wajen isa asibiti, wani lokaci kuma maganin da aka rubuta ba ya cikin jerin. Ka tambaya wanne ne daga ciki. Idan yana ciki, ka sa a rubuta maka cewa babu shi, ka ajiye rasit ɗin wanda ka saya, ka kai koke ofishin hukumar. Idan abin ya zama kullum, kana da damar neman a sauya maka asibiti.