Amsar tambayar Alhaji kan gas din buntun shinkafa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji na ji sakonka tun dazu, kana tambaya wai da gaske ne ana maida buntun shinkafa gas da maikirowef har ya tada janareta. Eh wallahi da gaske ne, amma bari in warware maka.

Ka ga ba cinna masa wuta ake ba yadda muke yi a bayan injin casa. Rufe shi ake a tukunyar karfe a gasa shi da zafi kamar digiri 700 zuwa 1000, iska 'yar kadan, to tunda bai samu iskar da zai ci da wuta ba sai ya dinga fitar da gas, abin da ke kama wuta a cikinsa yawanci haidirojin ne da kabon monoksaid, shi ake kira singas. Totuwar masara ma tana yi, bawon gyada ma haka.

Inda gizo ke saka shi ne kwalta. Gas din yana tahowa da wani bakin abu mai danko, in ya shiga inji sai ya like ko'ina. To nan maikirowef ya shigo, shi daga ciki yake dumama abu ba sai zafi ya ratso bangon tukunya ba, sai dai busasshen buntu ba ya kama shi sosai, shi ya sa ake cakuda shi da gawayi, gawayin ya yi jajur ya farfasa kwaltar, gas ya fito da dan tsabta.

Amma Alhaji maikirowef din fa wuta yake sha, mu kuma wutar muke nema, ga shi har yanzu yawanci a dakin gwaji na jami'o'i ake yinsa. Ni da zan ba ka shawara, ka fara duba na gargajiyan mara maikirowef. A jihar Bihar ta Indiya kamfanin Husk Power tun wajen 2008 ya ba kauyuka lantarki da buntu, tace gas din suke yi kafin ya shiga inji. Ni tsibin buntun nan da ke hayaki a banza yana damuna wallahi.

Sannan don Allah yaranmu na gurup, kar wanda ya gwada da maikirowef din kicin. Kabon monoksaid ba shi da wari, shi ne dai wanda ke cikin hayakin janareta da ke kashe mutane suna barci.