Me ya sa tsofaffin hotunan yaƙi ba sa nuna ana gwabzawa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa hotunan yaƙin ƙarni na 19 ba sa nuna ana fafatawa, sai sojoji a tsaye ko fagen daga bayan ƙura ta lafa.

Laifin kayan aiki ne. A tsakiyar ƙarnin, galibi a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoto: a shafa masa sinadari, a ɗauka, a wanke tun bai bushe ba. Kuma sai mutum ya tsaya cak na daƙiƙoƙi, doki mai gudu kuwa dishi-dishi yake fitowa. Buƙatar wanke hoto nan take ce ta sa Roger Fenton, mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, ya je yaƙin Kirimiya a 1855 da keken doki da ya mayar ɗakin wankin hoto.

Amma a yi hattara, ba kowane hoto ne ke faɗin gaskiya tsagwaronta ba. A fagen yaƙin Gettysburg ta Amurka, a 1863, mai ɗaukar hoto Alexander Gardner da abokan aikinsa sun ja gawar wani soja zuwa tsakanin duwatsu, suka jingina bindiga kusa da ita, sannan suka ɗauka.

In nazari kake yi, tuntuɓi malamin tarihi ko ma'aikatan gidan adana kayan tarihi, kar ka dogara da bayanin da ke yawo a Facebook.