Ga ƙanena mai shirin zuwa karatu birnin Buffalo na Amurka

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce tunda manhajar waya tana nuna yanayin kwana goma, ba ka ga abin damuwa da dusar ƙanƙara ba. To, saurara.

Abin da ke wayarka yawanci lissafin kwamfuta ne kai tsaye, babu wanda ya zauna ya tace shi. Manyan lissafai biyu da ake dogaro da su su ne na Amurka, mai suna GFS, da na Turai, kuma sau da yawa sukan saɓa. A Janairun 2015 na Turai ya nuna dusa za ta binne birnin New York, ƙafa 2 ko fiye. Masana sun bi shi, domin shi ne ya hango guguwar Sandy daidai a 2012. Aka rufe jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, aka hana motoci fita. Abin da ya zuba bai kai inci 10 ba. Guguwar ta karkata gabas, Boston ce ta sha kusan ƙafa 2. Ka ga nan mutum da na'ura duk sun zame.

Amma Buffalo daban ce. Dusarmu daga tafkin Erie take zuwa: iska mai tsananin sanyi ta ratsa saman ruwan da bai daskare ba, ta kwashi danshi, ta juye shi a wani siririn layi. A Nuwamban 2014 unguwannin kudu sun samu sama da ƙafa 5, na arewa kuwa 'yan inci kaɗan. Iska ta ɗan juya, layin ya koma wata unguwa. Manhajar da ke ba gari guda lamba ɗaya ba za ta faɗa maka wannan ba. Ma'aikatan ofishin hukumar yanayi na nan, waɗanda suka shekara suna kallon tafkin, sukan rubuta bayani kullum: wane lissafi suka yarda da shi, wanne suke shakka, da dalili. Shi nake karantawa, kyauta ne a intanet.

In suka yi gargaɗi, kada ka yi gardama. Guguwar Disamban 2022 an sanar da ita kwanaki kafin ta iso, duk da haka sama da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu.

Rigar sanyi da takalmi kuwa, bari sai ka iso mu je ka saya. Na kasuwar gida ba za su riƙe ka ba. Ka gaida su Mama.