Hukuncin Ɗalibin Da Ya Sa ChatGPT Ya Rubuta Masa Furojet

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karantar kiwon lafiyar al'umma. Babi na ɗaya na furojet ɗina ni na rubuta, amma na biyu ya gagare ni saboda raunin Turancina, sai na sa manhajar ChatGPT, wadda ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, ta rubuta mini, har da sunayen littattafan da aka dogara da su. Ban karanta littattafan ba, kuma ban miƙa aikin ba tukuna. Abokina ya ce babu laifi tunda na'ura ce, ban ci haƙƙin kowa ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, da zuciyarka ta natsu da maganar abokin nan, da ba ka turo tambaya ba. Ka gode wa Allah da ya bar maka wannan damuwar.

Amfani da manhajar a kan kansa halal ne, haramcin algus kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Inda hukuncinka ya rataya shi ne faɗarka cewa ba ka karanta littattafan ba. Idan ka rubuta "wane ya ce a littafinsa" alhali idonka bai taɓa sauka a kansa ba, ka ba da shaida a kan abin da ba ka gani ba. Kuma sanannen abu ne cewa waɗannan manhajoji sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, duk babu su a duniya, domin aikinsu jera kalmomin da suka fi dacewa da juna ne, ba tantance gaskiya ba. Ka ga ke nan ana iya samun ƙarya biyu a shafi guda: ka jingina wa kanka rubutun da ba naka ba, ka jingina wa wani maganar da bai yi ba. Miƙa babin nan a haka bai halatta ba.

Maganar abokinka ba shi kaɗai ke yin ta ba, na ji ta har a bakin masu karatu. Suna cewa sata sai da mai kaya, na'ura kuwa ba ta mallaka, ba ta ƙara, don haka kamar kalkuleta ce. To wa ya ce na'urar aka zalunta? Wanda aka yaudara shi ne malamin da zai ba da maki yana zaton tunaninka yake aunawa, da ɗan ajinku da ya hana idonsa barci ya rubuta nasa, da mutanen da za a damƙa maka lafiyarsu gobe saboda takardar da ke hannunka. Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su, ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Bukhari da Muslim suka fitar da shi. Wannan matar kayan wa ta ɗauka? Babu. Laifin yana cikin nuna abin da babu. Shi kuma kalkuleta, ai ko shi akan hana shiga da shi jarabawar da lissafin kansa ake son gwadawa. Babi na biyu an sa ka ne domin a ga ko ka iya karanta binciken mutane, ka fahimta, ka auna, wato ainihin abin da ka miƙa wa na'ura. Sannan a farkon furojet akwai shafin da ɗalibi ke sa hannu cewa aikinsa ne, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Tunda ba ka miƙa ba, ƙofa a buɗe take. Ajiye babin nan gefe, kada ka ce za ka sassauya kalmomi, domin wannan ɓoye sawu ne kawai. Nemo bincike na gaskiya ko da kaɗan ne, ka karanta, ka rubuta da Turancin da kake da shi. Idan ka sa manhajar ta fayyace maka abin da ya shige maka duhu, ko ta nuna maka kurakuran nahawu a rubutunka, babu laifi matuƙar dokar sashenku ta yarda. Tambayi malamin da ke duba aikinka, in ya ce a bayyana an yi amfani da ita, ka bayyana.

Ina ganin matsalarka kunya ce fiye da lalaci. Kada raunin harshe ya sa ka raina kanka, wanda ya rubuta babi na ɗaya zai iya na biyu. Ka faɗa wa malamin naka gaskiya, ka nemi ƙarin lokaci in da hali. Ka kuma kiyaye ɗaukar aya ko hadisi ko fatawa daga waɗannan manhajoji ba tare da komawa tushe ba, don yadda suke ƙago littafi haka suke iya ƙago hadisi. Abokinka kuma ka yi masa nasiha a keɓe, wataƙila shi ya riga ya miƙa nasa.

Wallahu a'alam.