Mu Mayar da Adashinmu Ƙungiyar Gama Kai, ko Mu Tsaya Inda Muke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin albasa ne a yankin Goronyo. Mu ashirin da biyar ne muke adashi, shekara huɗu ke nan, kowa na zubin naira dubu goma a wata, ba mu taɓa samun tangarɗa ba. Yanzu wasu daga cikinmu sun ce mu yi rajista mu zama ƙungiyar ajiya da ba da rance, wai ta haka ake samun bashin gwamnati. Ni kuwa na ga irin waɗannan ƙungiyoyi sun watse da kuɗin mutane, ga kuma tsoron kuɗin ruwa. Shin suna da amfani a ƙasashe irin namu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Suna da amfani, kuma ku ɗin nan da kuka yi shekara huɗu ba wanda ya gudu da kwasa, kun riga kun mallaki abin da ya fi wuyar samu. Sai dai dalilin da abokanka suka kawo, wato bashin gwamnati, yana cikin dalilan da ke kashe ƙungiyoyi a ƙasar nan.

Bari mu fara da bambancin. A adashi, abin da aka zuba a wata ana miƙa shi ga mutum ɗaya, asusu ya koma wayam. In kwasarka ta faɗo watan da ba ka da buƙata, sai ka ga kuɗin sun tafi a biki. In injin ban ruwa ya mutu ana tsakiyar rani kuma ba layinka ba ne, sai roƙon musanya. A ƙungiya kuwa kuɗin taruwa suke yi. Dubu ɗari biyu da hamsin a wata, a shekara miliyan uku ke nan, kuma ana ba wanda buƙatarsa ta taso a lokacin da ta taso. Ga manomin albasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka fi ni sanin yadda farashi ke zubewa lokacin cira, kowa ya kwaso ya nufi kasuwa don mai taki da mai fetur suna bakin ƙofa. Wanda ya samu rancen da zai sallame su ya zuba albasarsa a rudu, wato ma'ajiyar albasa, ya jira 'yan watanni, shi ke cin ribar da ɗan kasuwa ya saba ci. Haka kuma ƙungiya ke raba manomi da mai ba da kaka, wanda zai ba ka kuɗin buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka.

Asalin abin ma daga irin wannan matsin ya fito. A Jamus, wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya kafa irin wannan ƙungiya a 1864 don manoman ƙauye da masu ba da bashi da ruwa suka dabaibaye. Turawan mulkin mallaka sun kai tsarin Indiya da dokar 1904, sannan aka turo wani Bature mai suna C.F. Strickland ya yi nazari a Nijeriya, aka kafa doka a 1935. Wadda gwamnatin tarayya ke aiki da ita yanzu ta 1993 ce. A Afirka, Kenya ce ake buga misali da ita: malaman makaranta, manoman ganyen shayi, har direbobin motocin haya duk suna da nasu, kuma mutane da yawa ta nan suka sayi fili suka yi gini. Amma ko can ɗin sai da aka yi dokar 2008 aka kafa hukumar da ke sa ido a kan masu karɓar ajiya, kuma duk da haka ba a daina jin badaƙala ba. Ruwanda kuwa gwamnati ce ta sa aka buɗe ɗaya a kowace gunduma daga 2009, guda 416.

Ni dai misalin da ya fi burge ni yana nan kusa da mu, a Maraɗi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani tsari da matan karkara da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu ko sisi daga waje ba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma na ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga kuɗin da ƙarfi a kan tabarma, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita, wadda ba ta iya karatu ba ma ta riƙe lissafin a ka. Ƙarshen shekara a raba. Wannan dubarar ta Hausawan Nijar ta bazu ƙasashe da dama a Afirka da Asiya. Abin da ya riƙe ta bai wuce biyu ba: kuɗin nasu ne, kuma ba a taɓa su a ɓoye.

To ka kwatanta da abin da muka saba gani. Da an ji gwamnati za ta ba da rancen noma, kamar lokacin shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, sai ƙungiyoyi su tsiro kamar ciyawar farkon damina. A tattaro sunaye, a yi hatimi, a karɓi satifiket. Mutanen ba su taɓa ajiye kwabo tare ba, wasu ba su ma san juna ba. Kuɗin suka zo, kowa ya ɗauka rabonsa ne na arzikin ƙasa. Wa zai bi wa bashi? Na taɓa duba littafin wata irin wannan: shafi biyu na farko cike da sunaye da dangwale, sauran littafin fari fat, ko taro ɗaya ba a rubuta ba. A adashinku kuwa, wanda ya yi jinkirin zubi ya san zai haɗu da ku a masallaci da asuba. Wannan kunyar ita ce jinginarku, kuma kuɗin waje na narkar da ita.

Akwai wata matsala da ta shafe ku musamman. Ƙungiyoyin ma'aikata sun fi daɗewa saboda daga albashi ake cire zubi da biyan bashi. Ku kuwa duk manoman abu ɗaya ne a fadama ɗaya: lokaci ɗaya kuke neman rance, in asara ta zo kuma tare za ta same ku. Ka tuna ambaliyar 2010 da ta shafe gonaki daga Goronyo har Sakkwato, ta yanke hanyar jami'a. A shekara irin wannan ba mai iya biya, asusu sai ya tsaya cak. Saboda haka in za ku ƙara mutane, ku jawo mahauci, mai shago, malamin makaranta, matan da ke gyaran shinkafa, waɗanda kuɗinsu ke shigowa a wani lokaci daban. Kada kuma ku ba da duk abin da ke asusu. Ku riƙa ware wani kaso da ba a taɓawa.

Batun kuɗin ruwa, tsoronka na kan hanya, amma ba dole ne a yi da ruwa ba. Ƙungiya na iya sayen injin ko takin da kanta, ta sayar wa memba da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai tun farko, ya biya bayan cira. Wannan shi ne murabaha, irin cinikin da bankunan Musulunci kamar Jaiz ke yi. Sharaɗin shi ne kayan su shiga hannun ƙungiya tukuna, kuma farashin ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Na rashin lafiya ko haihuwa kuwa a ba da rance tsura, a mayar da daidai abin da aka karɓa. Ku kai wa malamin da kuka amince da shi tsarin dokokinku ya duba kafin ku sa hannu. Sayen kaya yana da wani amfanin ma: a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da aka kwantar a asusu kullum raguwa suke yi, buhun takin da aka saya da wuri kuwa yana nan.

Ka sani kuma, rajista a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha tana ba ku damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya da kai ƙarar wanda ya ci amana, amma ba ta ba ku inshora. Hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, ajiyar bankuna take karewa, ba ta ƙungiya ba. In ma'aji ya ci, sai dai kotu.

Shawarata, kada ku rushe adashin. Ku bar shi yana tafiya, ku buɗe zubi na biyu a gefe, ko dubu biyu ne a wata, wanda ba a kwasa. Mutum uku ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Kowa da ɗan littafinsa, a karanta lissafi a kowane taro, mai karɓar rance ya kawo mutum biyu daga cikinku su tsaya masa, shugaba ma haka. Ku yi rani ɗaya a haka ku ga yadda bashin farko zai dawo, sannan ku je Sakkwato neman satifiket.