Soket Yana Ƙauri, Me Zan Yi? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Soket ɗin da nake jona dutsen guga ya yi baƙi a bakin rami ɗaya, har yana ƙauri. In canza shi ko in ci gaba da lallaɓawa?

Amsa: Hajiya, don Allah ki daina amfani da shi tun yau. Baƙin nan yana nuna wani abu ya saki a ciki: ko sukurun da ke riƙe waya ya kwance, ko ƙarfen da ke damƙe ƙafar fulogi ya saki jiki. Da zarar wuta ta sami ɗan giɓi sai ta riƙa tsallakawa da tartsatsi, wurin ya ɗauki zafi, roba ta narke, daga nan sai gobara. Ki duba fulogin ma. In ƙafarsa ta yi baƙi, a canza su tare, don tsohon fulogi zai sake ƙona sabon soket.

Tambaya: Wane iri ya kamata in saya?

Amsa: Malam, kayan da za ka jona su za su gaya maka. Soket mai amfiya 13, mai rami uku masu kusurwa, yana ɗaukar kimanin wat 3,000 a wuta mai bolt 230. Ya ishi firji, talabijin ko dutsen guga, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwan wanka kuwa layinsu daban ake ja musu, yawanci da waya mai murabba'in milimita 4. Ka zaɓi mai makunni, mai murfin ciki da ke toshe ramukan saboda yatsun yara. Mu dai ba ma son mai karɓar kowane irin fulogi: ramukansa sun cika faɗi, riƙonsa sako-sako ne.

Tambaya: Zan iya canzawa da kaina?

Amsa: Za ka iya, in ka kiyaye. Ka kashe wutar gidan daga babban makashi, har da inbata ko janareta. Ka gwada soket ɗin da tasta, wato abin duba ko akwai wuta, wadda ka tabbatar tana aiki. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Waya mai launin ruwan ƙasa ko ja ita ce mai wuta, wurin da aka rubuta L a bayan soket take shiga. Shuɗiya ko baƙa a N. Mai kore da rawaya a E, ita ce ke kai wuta ƙasa idan ƙarfen na'ura ya ɗauka. Yanke bakin da ya ƙone, feƙe kamar santimita 1, ka ɗaure tam yadda tagulla ba za ta leƙo ba, sannan ka ɗan ja kowace waya ka ji ko ta kama.

Amma in ka buɗe ka tarar babu wayar E, ko robar wayoyin tana marmashewa a hannu, ka bar wutar a kashe ka kira ƙwararren mai gyaran wuta, domin matsalar ta shiga cikin bango.