Amsa kan zancen taya a wasannin tseren mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na saurari tambayarka cewa tsakanin Gran Turismo 7 da Assetto Corsa Competizione wanne ne motarsa ta fi kama da ta gaske, amma na lura abin da kake son ji shi ne ko wasan da ya fi ba mutum wuya shi ne ya fi gaskiya. Sam ba haka ba ne.

Taya ba ta kama kwalta sosai sai ta ɗan zame. Idan ka shiga kwana, inda tayar ta fuskanta daban, inda take tafiya daban, kuma a cikin wannan ɗan saɓanin na 'yan digiri ne riƙonta yake kai matuƙa. Da ka wuce nan sai riƙon ya riƙa raguwa a hankali, sitiyari ma yakan yi sako-sako a hannunka tun kafin motar ta kuɓuce, kuma da wannan gargaɗin nake auna kowane wasa.

Wasanni da yawa sun daɗe suna dogaro da lissafin Hans Pacejka na jami'ar Delft a ƙasar Holan, wanda ke kwaikwayon sakamakon gwajin taya kawai. A 2011 ne David Kaemmer ya kawo wa iRacing, wani wasan tseren mota na intanet, sabon tsari mai lissafa halin robar kanta, to a nan ne ni dai na sha wuya. Ina biyan kuɗin wata-wata, amma da bayan mota ya ɗan zame sai tayar ta ɗauki zafi, a lanƙwasar hanya biyu na gaba kuwa kamar a kan sabulu nake tuƙi, kuma duk wanda na kai wa kuka sai ya ce ai haka motar gaske take, alhali bai taɓa zama a cikinta ba. To, bari in gyara, kada in yi wa masu iRacing rashin adalci, sun yi ta gyara tsarin tun daga lokacin, sai dai har yau raina bai huce ba.

Game da Competizione kuwa, idan iskar tayarka ba ta tsakanin 26 da 27 a ma'aunin ƙarfin iska na psi bayan ta yi zafi, kada ka zargi wasan. Zan so in yi zancen ruwan sama, amma a bar shi tukuna. Ka fara gaya mini, da sitiyari kake wasa ko da madannin hannu, domin a madanni ba za ka ji nauyin sitiyarin nan yana raguwa ba.